Neman Kamera a Kano, Ni da Kawu Idi

Tun da na dawo daga Kano ban huta da tambaya ba. A lakwal, makarantar da nake koyarwa, da an saki yara hutu sai madam-madam su kewaye ni: "Rabi, yaya Kano? Gaskiya ne kamera ta fi arha can?" A gidan biki haka, a bakin famfo haka. Na ba da labarin nan har na fara jin haushin muryata. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, duk wadda ta sake tambayata in miƙa mata takarda in ci gaba da harkata.

Kafin mu hau hanya bari in faɗi abin da ya fitar da ni, don wasu suna zaton bidiyon biki zan shiga ɗauka in yi kuɗi. Babanmu ya yi shekara kusan hamsin yana ginar rijiya. Daga Korahane har Ɗan Gulbi, da wuya ka yi yawon ƙauyuka ba ka sha ruwan da hannunsa ya tono ba. Bara da damina ya kwanta ciwo. Ya tashi, amma ba duka ya tashi ba. Yakan kira ni da sunan ƙanwata, yakan tambaya ko an yi sallar da yanzu ya sallame. Innarmu kuwa da ta rasu, ba abin da ya rage mana sai hoton kartanti, wato katin shaida, shi ma hatimi ya rufe mata rabin kunci. Ɗan bidiyon da na taɓa ɗaukarta da wayar salula tana tankaɗe ya tafi ranar da kart memwar, ɗan katin da ke ajiye hotuna, ta ƙi buɗewa. Na yi wa kaina alkawari Baba ba zai tafi haka ba. Ina son fuskarsa, ina son muryarsa yana faɗar rijiyoyinsa tun yana iya faɗa. Yayana Mamman da ke aiki Arlit ya aiko da nasa ƙarfin, na haɗa da kwasar adashina.

Na fara duba Maraɗi. Kanti biyu na samu masu kamera. Ɗaya irin ta masu ɗaukar biki ce, kuɗinta sai in sayar da filina. Ɗayar ta kaset ce, kuma mai kantin da bakinsa ya ce kaset ɗin ya daina zuwa. Sai na je wajen Laminu mai hoto, wanda ke ɗaukar bukukuwan Dakoro. Ya yage takarda daga kaye, littafin rubutun ɗalibai, da ke hannuna ya rubuta mani abu huɗu: mai kart memwar, ba mai kaset ba, a gwada ta cikin ɗaki, ba cikin rana ba, a saurari murya, a samo batir na biyu. Ya ce, "Madam, da abin da ke hannunki sai Kano."

Maigidana yana aiki likita, wato asibiti, ba a ba shi hutu ba, kuma ba wanda ya yarda in ƙetare iyaka ni kaɗai. Nan ne Kawu Idi, ƙanen Innarmu, dillalin tumaki, ya buga ƙirji.

"Kano? Ni za a gaya ma Kano? Ina da maigida can, Alhaji Garba, duk raguna na Dakoro gidanshi muke sauke su. Tashi, ɗiyata, ni in kai ki."

Ban tambaye shi yaushe rabonsa da Kano ba. Wannan shi ne kuskurena na farko.

Muka fito da sassafe. Ni da ƴar jakata, shi da buhun cuku, busasshen daskararren nonon nan namu, da zai kai wa Alhaji Garba tsaraba. Motar kasuwa muka samu, wadda aka rubuta mutum goma sha tara aka zuba ashirin da biyar, ga akuya biyu ƙarƙashin kujerar baya. Na roƙi Kawu tun a tasha kada ya faɗa wa kowa abin da zai kai mu, don ina ɗauke da kuɗi a lalitar da na ɗaure a ƙugu. Ya ce ya ji. Ba mu kai Kornaka ba duk motar ta san sunana, ta san aikina, ta san ciwon Baba, ta san kamera za mu saya.

Daga nan kowa ya zama gwani. Wani mai rawani ya ce in sayi wadda ke hango mutum daga nan har Tibiri. Wata tsohuwa ta ce ita dai ta lura duk wanda aka faye ɗauka hoto ba ya daɗewa. Wani ɗan kasuwa ya ce wauta ce, salularsa ta fi kowace kamera, ya fiddo ta zai nuna mani, ta ƙi kamawa don ba caji. Akuya kuwa tana cin gefen gyalena, ban sani ba sai da na ji ana ja na baya. Taya ta fashe bayan Sabon Maci, muka sauka muka tsaya cikin rana awa guda, masu shawara suka biyo ni har gindin adua.

A Maraɗi muka canza sefa zuwa naira, aka ba ni dam ɗin takardu da lalita ta ƙi ɗauka. Muka shiga ƙaramar mota zuwa iyaka.

Ni takarduna cif suke, kartanti da karnen allura, wato katin rigakafi. Ma'aikacin lafiya ya duba nawa ya miƙo. Kawu ya laluba aljihun ƴar ciki ya fiddo nasa da isa, kamar wanda ya saba. Mutumin ya buɗe, ya karanta, ya ɗago ya dubi Kawu, ya sake karantawa.

"Baba, nan an rubuta tumaki arba'in da awaki goma sha biyu."

"To, ai allura ce anka yi."

"An yi wa tumaki. Kai fa?"

Karnen bisashe Kawu ya ɗauko, nasa yana Dakoro cikin akwati. Mutumin bai yi faɗa ba, dariya ma ta hana shi. Ya ce ba wata wahala, a yi masa allurar nan take a ba shi sabon karne. Sai ga Kawu, mutumin da ke danne bijimi a yi masa lamba, ya ja da baya ya kama ƙofa.

"Rabi, mu koma. Kamera ba dole ba ce."

"Kawu, don girman Allah miƙa hannu."

"Ke ba ki ga tsawonta ba!"

Sai da na riƙe masa kafaɗa, ya rufe ido yana salati kamar za a yanka shi. Kafin a gama, direbanmu ya gaji da jira, ya sauke jakata da buhun cuku a bakin hanya ya yi gaba. Muka sake biyan wata motar.

A ɗaya ɓangaren wani ma'aikaci ɗan kudancin ƙasarsu, mai Hausa guntu-guntu, ya sa aka kwance buhun. Ya ɗauki cuku guda yana juya shi, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa shi a tebur. Ya tambaya ko kwali ne. Kawu ya ji haushi an raina cukun Dakoro, ya ɓalla masa ya ce ya ci. Bawan Allah ya yi ta tauna, ya yi ta tauna, mu muna tsaye, layi yana tsawo a bayanmu. Da ya haɗiye ya ce da daɗi amma abincin mai haƙori ne. Kawu ya ji an yaba, sai ya zauna a bencinsu ya fara bayanin yadda matan Fulani ke shanya shi a kan tabarma. Da ƙyar na janye shi.

Daga Jibiya zuwa Katsina, daga Katsina zuwa Kano, ba abin da zan ce sai gudu. Direbobinsu ba su san birki ba sai oda. Na daina kallon hanya, na kama tasbihi.

Muka isa bayan la'asar. A can babu baburan kabu-kabu irin namu, sai wasu kekuna masu ƙafa uku da suke kira a daidaita sahu. Muka shiga ɗaya, mai keken ya ce ina muka nufa.

Kawu ya ce, "Gidan Alhaji Garba."

"Wane Alhaji Garba, Baba? Wace unguwa?"

"Mai saukar da raguna mana. In ka kai babbar tsamiya ka karya dama, akwai wani mai wankin hula."

Mai keken ya juyo ya dube ni, ni kuma na dubi Kawu.

"Kawu, yaushe rabonka da garin nan?"

Ya ɗan yi lissafi da yatsu. "Shekarar da anka haihi Sa'a."

Sa'a ɗiyarsa ce, tana da yara huɗu.

Muka yi ta zagaye. Inda Kawu ya ce tsamiya take, gidan mai muka tarar. Inda ya ce fili ne, bene hawa uku. Duk wanda muka tambaya sai ya ce Alhaji Garba nawa muke so, don layinsu kaɗai akwai uku. Ana kiran magariba muka faɗa wa wani tsohon tela, ya cire tabarau ya ce, "Garba mai raguna? Allah ya ji ƙansa, ai ya fi shekara goma. Amma gidan yana nan, matarsa Hajiya Laure tana ciki."

Kawu ya zauna a kan buhun cuku a tsakiyar layi ya rufe fuska da hannun riga. Duk haushin da na tara tun safe sai na rasa inda zan sa shi. Na tsaya na jira ya gama addu'a.

Hajiya Laure, Allah ya saka mata, ba ta tuna Kawu ba ko kaɗan, amma da ta ji baƙin marigayi ne daga Nijar sai ta ce a shigo. Ta sa ni ɗakin surukarta Maryam, aka buɗe wa Kawu shagon ƙofar gida. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, manja yana yawo a sama, ga yaji da ya sa ni hawaye. Tuwon yana da daɗi, amma ga wanda ya tashi da tuwon hatsi, kana wanke hannu ka ji kamar ba ka ci ba. Muna cikin ci fitila ta mutu. Na ce wa Maryam, "Kuran ya tahi?"

Ta zabura. "Wace kura?"

Su wuta suke cewa. Da na yi mata bayani ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta fita ta gaya wa duk gidan. Kafin in ƙarasa tuwona kowane gida a layin ya tada injinsa, ƙara ta cika unguwa, mutum sai ya yi ihu a ji shi. Su ko a jikinsu.

Gaisuwarsu ma gajera ce. Ni ina kan tambayar gajiya, ban kai ga iyali da bisashe ba, su har sun gama sun shiga wata magana. Kuma kowace mace Hajiya ce. Ni da ban wuce Zinder ba, kwana biyu na yi ina amsa Hajiya. Da safe aka kawo shayi cikin kofi kamar ƙaramin bokiti, fari fat da madara, da burodi mai zaƙi wanda in ka matsa shi ya koma dunƙule ɗaya. Kawu ya shanye, ya zauna yana jiran na biyu da na uku kamar a gida. Da ya ga shiru ya raɗa mani, wato ya faɗa yadda har tsakar gida an ji, cewa mutanen nan kunu suke sha suna ce masa shayi.

Hajiya ta kwatanta mana kasuwar kayan wuta. Gini ne hawa-hawa, shaguna kamar gidan zuma, kowane yana kiɗansa. Muna sa ƙafa aka yi mana caa: "Hajiya, waya? Hajiya, caja? Hajiya, zo ki gani!"

Shagon farko wani matashi mai gyaran fuska ya fiddo wata kamera sabuwa cikin kwali, tana ƙyalli.

"Wannan ita ce ƙarshe, Hajiya. Orijinal. Tana zuƙo abu sau ɗari takwas. Kina nan ki ɗauko mutum a Katsina."

Kuɗinta bai kai rabin abin da na zo da shi ba, har zuciyata ta fara murna. Na ɗaga ta, na ji ta sakayau kamar gwangwanin madara da aka shanye. Na duba takardar Laminu, na ce a gwada. Ya ce mu fita rana. Na ce a'a, nan cikin lungun shagon. Ya ɓata rai, ya ɗauki Kawu yana magana, muka duba. Fuskar Kawu ta fito kamar an watsa mata tsaki, muryarsa kuwa kamar daga cikin randa. Na ajiye. Matashin ya ce ai laifin shagon ne, ba haske. Na ce ɗakin babana ya fi nan duhu. Ya ce to in sa masa fitila. Muka fita.

Shago na biyu da na uku duk ita ce, suna kawai aka canza mata. A na huɗu ne Kawu ya kusa kashe ni. Can saman kanta ya hango wata ƙatuwar kamera irin ta ɗorawa a kafaɗa, ta kaset, ta yi shekaru tana shan ƙura. Ya sa aka sauko da ita, ya saɓa, ya dubi kansa a madubi.

"Wagga ita ce kamera! In kin shiga Dakoro da wagga, har prefe mai mulkin gari sai ya tashi tsaye."

"Kawu, ta kaset ce. Ba a samun kaset."

"A samo! Ke kina son ki tahi Kano ki komo da abin da za a ce sabulu ne?"

Kafin in yi magana ya cafke hannun mai shagon yana girgizawa kamar a kasuwar bisashe, yana tayi da ƙarfi, yana cewa, "Sallama! Ka sallama mana!" Mutane suka taru. Mai shagon ya ga garaɓasa ta faɗo, ya buɗe baki zai ce ya sallama, na shiga tsakaninsu na raba hannuwan da ƙarfin tsiya. Na ce kuɗin a ƙuguna suke, kuma ban saya ba. Mai shagon ya raka mu da baƙar magana har matakala, yana cewa ƴan Nijar sun zo sun ɓata masa safiya. Kawu kuma ya yi fushi wai na kunyata shi gaban maza, ya yi gaba ya bar ni.

Azahar ta yi, ban sayi komai ba. Na zauna a kan matakala da takardar Laminu a hannu, ta jiƙe da gumi. Hutun lakwal saura kwana huɗu. Na tuna yadda na baro Baba a zaure yana tambayata ko Tahoua zan je. Na ce a raina, in na koma hannu wofi, ko na koma da gwangwani, kuɗin Mamman da nawa sun tafi, kuma ban san ko Baban da zan tarar zai kai wanda na bari ba. Hawaye suka zo, na mayar da su don kada a taru a kaina.

Na tashi neman inda mata ke salla, aka nuna mani can ƙarshen lungu. Kusa da wurin akwai wani ɗan shago da bai fi tabarma biyu ba, wani dattijo yana zaune gaban tebur cike da kamarori da aka farke cikinsu. Mai gyara ne, Malam Nasiru. Da na sallame na tsaya na tambaye shi, ba don ina sa rai ba, ko yana sayarwa. Ya karɓi takardar ya karanta, ya ce wanda ya rubuta ya san aiki. Sannan ya yi mani tambayar da tun safe ba wanda ya yi.

"Wa za ki ɗauka?"

Na ce tsoho ne, a zaure, kuma muryarsa ta yi ƙasa.

"Yana yawo ko yana zaune?"

"Yana zaune."

"To me za ki yi da zuƙowa sau ɗari takwas? Mutumin yana gabanki. Ke kunne kike nema, Hajiya, da idon da ke gani a inuwa. Wannan manyan lambobin da suke rubutawa a jiki, na kama mai saye ne."

Ya jawo akwati ya fiddo wata ƴar ƙarama, ta hannu, cikin tafi take zama, gefenta ya ɗan goge. Amma da na ɗaga na ji nauyi. Ya nuna mani inda kart memwar ke shiga, ya nuna wata ƴar ƙofa ta makirfo, ya fiddo makirfon kamar ƙwayar gujiya mai maƙalewa a wuyan riga. Daidai nan Kawu ya ɓullo da rake a hannu, fushi ya wuce. Malam Nasiru ya maƙala masa, ya ce ya yi magana a hankali kamar marar lafiya.

Kawu ya ce, "INA YI A HANKALI!"

"Baba, ƙasa-ƙasa."

"TO AI ƘASA-ƘASA KE NAN!"

Sau uku ana gwadawa. Ƙarshe Malam Nasiru ya cire ya maƙala wa kansa, ya ja labule shagon ya yi duhu, ya miƙo mani kamerar ya ce in ɗauka. Ya yi magana kamar mai raɗa. Da muka mayar, kowace kalma ta fito, har furfurar gemunsa ana gani ɗaya-ɗaya.

Kuɗinta da batir na biyu da makirfo ya ɗan haura abin da na ware. Na haƙura da atamfar da na yi niyyar saya, shi kuma ya rage abin da ya rage. Ya mayar mani da rubutun cikinta Faransanci. Ya zaunar da ni ya koya mani: in ɗora ta a kan abu, kada in riƙe a hannu, haske ya kasance bayana, ba bayan tsohon ba, kada in yi ta wasa da zuƙowa. Ya sa na kunna na kashe sau biyar a gabansa. Kawu, da tun farko yake cewa sabulu ce, yanzu ya ce ai shi ya san gidan da za a zo tun safe, ni ce mai gaggawa.

Washegari muka yi sallama da Hajiya Laure, muka bar mata buhun cuku, tana ta godiya tana tambayar Maryam a ɓoye ko dafa shi ake yi. Komowa ba ta yi wuya ba, in ban da Kawu da ke nuna wa kowane ma'aikaci sabon karnensa tun ba a tambaya ba.

Na iso Dakoro, na yi wanka, na ɗauko sharjar, abin cajin kamerar, zan sa a bango. Ƙafa uku gare ta, masu faɗi. Namu ramuka biyu ne, zagayayyu. Na juya ta sama, na juya ta ƙasa. Na zauna a bakin gado na yi shiru, don in na buɗe baki abin da zai fito ba na malamar lakwal ba ne. Duk shagunan Dakoro ba mai mahaɗin da zai karɓe ta. Sai da na ba wani direba saƙo ya kawo daga Maraɗi bayan kwana biyu. Don haka wadda za ta je, ta duba ƙafar sharjar kafin ta baro shagon. Laminu bai rubuta wannan ba, na kuwa gaya masa.

Ranar ɗauka na je gidan Baba da hantsi. Na kifa turmi a ƙofar zaure na ɗora kamera, haske a bayana. Sai na tarar an riga an gaya masa za a ɗauke shi hoto. Ya sa babbar rigarsa ta Idi, ya naɗa rawani har ya rufe baki, ya zauna ƙiƙam, hannuwa a gwiwa, ido a zare. Na maƙala makirfo, na kunna.

"Baba, ku ba mu labarin rijiyoyinku."

Ko ƙifta ido bai yi ba.

"Baba, wace rijiya kuka fara ginawa?"

Ta cikin rawani ya ce, "Ba a magana in ana hoto."

Na yi bayani, na roƙa, na kawo fura. Minti goma sha biyar ina ɗaukar tsoho yana kallon turmi. Na ƙetare iyaka, na sha rana, na sha zagi, na rasa gefen gyale, ga abin da na samu. Na kai hannu zan kashe, sai ga sallamar Kawu, wanda ban gayyata ba. Ya shigo ya bi ta gaban kamera, ya zauna, ya jawo furar Baba ya sha.

Ya ce, "Rijiyoyi ake faɗi? Ai ni na san su duka. Ta yamma da Korahane, zurfin gaba ashirin ce, Tanko ya gina ta."

Baba ya juyo a hankali. Ya sa hannu ya ja rawani ƙasa.

"Wa ya gina ta?"

"Tanko."

"Tanko da ke tsoron rami? Tanko guga ya ja! Kuma gaba talatin da huɗu ce, kai kana ina sa'ad da munka kai ga dutse?"

Har yau ban sani ba ko da gangan Kawu ya yi, ko kuwa surutunsa ne na kullum. Na tambaye shi, ya ce in bar shi. Abin da na sani, Baba ya buɗe. Ya faɗi rijiyar da wanda ya sa a gina ta, da raƙumin da ya ja ƙasa. Ya faɗi wadda ta rufta da shi har ƙirji aka ciro shi da igiya, da wadda suka yi wata uku ba ruwa mutanen ƙauye suka daina kawo masu abinci, ranar da za su tashi laka ta fito. Ya tashi tsaye yana nuna yadda ake sauka, kansa ya fice daga hoton, na bar shi haka don ina tsoron in taɓa. Duk inda ya tsaya sai Kawu ya sake faɗin wani abu ba daidai ba, Baba ya sake hawa. Batir na farko ya ƙare, na sa na biyu. Da ya gaji ya koma ya zauna, ya dube ni ya kira ni da sunana.

Bayan la'asar na haɗa kamerar da tele, wato talabijin, a tsakar gida, iyali suka taru. Hoton ba na gwani ba ne. Akwai inda bayan Kawu ya rufe komai, akwai inda kaza ta shiga. Amma muryar ta fito tas. Aka kawo Baba aka zaunar gaba. A lokacin ya koma cikin hazonsa, yana tambaya ko baƙi aka yi. Ya zuba wa tele ido, ya daɗe yana saurare, yana gyaɗa kai.

Can ya taɓa ni ya ce, "Wanga tsoho ɗan wane gari ne?"

Na ce, "Ɗan nan ne, Baba."

"Ya san aiki. Duk abin da ya faɗi haka yake." Ya ƙara saurare, sai ya ɗaga yatsa. "Sai wuri guda. Ta yamma da Korahane ba raƙumi ya ja ƙasa ba, shanu ne, biyu, ɗaya mai karyayyen ƙaho. Gobe ki kira mani shi in gyara mashi."

Na ce to, Baba. Na tashi na sa batir duka biyu a caji.